Hoton Kulu a Kan Gwangwani

Duk wanda ya ci kasuwa tsakanin Kura da Bunkure a shekarun baya ya san Badamasi mai hoton gwangwani, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana, yatsunsa baƙi ƙirin kamar na marini. Ba shuni ba ne, ruwan azurfar da yake aiki da shi ne ya ci masa fata. Ni Sammani, gonata tana jikin tasa, kwata ɗaya ke shayar da mu sama da shekara talatin. Matarsa Kulu kuma taubashiyata ce, mahaifiyata da mahaifinta ciki ɗaya suka fito. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Yana saurayi ya tafi Kano cin rani, ya faɗa hannun wani tsoho mai suna Abel, mutumin wajen Filato, wanda ke ɗaukar hoto a bakin titi a Sabon Gari. Tun a lokacin ma aikin Abel tsohon yayi ne, sauran masu hoto sun koma takarda. Shekara shida suka yi tare. Da tsohon ya ga ƙarfinsa ya ƙare zai koma garinsu, sai ya bar masa akwatin ɗaukar hoton, da ƙafafunsa uku, da kwalabe.

Ga yadda aikin yake, iyakar abin da idona ya gane. Zai samo manyan gwangwanayen tumatir, ya yanka, ya buge su su miƙe, ya shafe su da kwalta, ya gasa a kan garwashi har su yi baƙi sumul. Kowane falle bai fi tafin hannu ba. In mutum ya zauna, sai ya zuba wa fallen wani ruwa mai kauri, mai warin asibiti, wanda yake kira ruwan danƙo. Daga nan ya cusa kai da hannuwa cikin wani akwatin duhu da ya ɗaura a bayan kekensa, ya tsoma fallen a ruwan azurfa, ya rufe shi a gidansa na katako, ya kawo ya zura a akwatin hoto. Ya cire murfin idon akwatin, yana jan carbi yana ƙirga istigfari, mutum kuma ko ƙifta ido ba ya yi. Sai ya koma cikin duhun ya wanke. Duk wannan dole a gama shi tun fallen yana jiƙe. In ya bushe, an yi asara.

Da ruwan Tiga ya iso aka yanka mana gonakin rani, Badamasi ya ga kasuwa. Manomi ya sayar da alkama ya sayi keke ko rediyo, ba zai kwana biyu ba sai ya zo an ɗauke shi da ita. Hoton gwangwani yana juya mutum, dama ta koma hagu, don haka yakan ce wa mai carbi ya riƙe da hagu in yana son ya fito da dama. Akwai wani malami a Garun Mallam da ya ce shi kam ba zai riƙe carbi da hagu don a yi ƙarya da shi ba. Ya riƙe da dama, ya fito da hagu, ya ce aikin shaiɗan ne, ya tafi ya bar masa abinsa.

Sannu a hankali masu hoton kala suka buɗe shaguna a Kura. Mutane suka daina tsayawa. Badamasi bai yi faɗa da kowa ba, ya koma gonarsa, shinkafa da damina, tumatir da rani. Akwatin sai lokacin sanyi yake fito da shi, in wani dattijo ya nema. Daga shigar bazara kuwa har faɗuwar ruwa ba ya taɓa shi ko da wasa. Yakan ce zafi ne babban maƙiyin aikin: danƙon yana bushewa kafin ka kai shi akwati, hoton kuma ya fito da hazo kamar an hura masa toka.

A duk shekarun nan, mutumin da ya ɗauki fuskar rabin ƙasar nan bai taɓa ɗaukar matarsa ba. Ba ƙin aikin take yi ba. Wata shekara da ruwan azurfarsa ya lalace, ita ta cire awarwaronta na azurfa ta ba shi, ya kai wa maƙera a birni aka narka masa. Amma in ya ce ta zauna, sai ta ce, "Malam, ni da kake gani kullum? Ajiye wa baƙi." Shi kuma ba mai matsa wa mutum ba ne. Kullum sai a ce a bari sai wani sanyin.

Haihuwarta shida, Raliya kaɗai ta rayu, ita ce auta. Ta bi mijinta Jidda, takardunsu suka ƙare a can, in ta fito ba ta da hanyar komawa wajen 'ya'yanta. Shekara goma sha ɗaya ke nan uwa da 'ya ba su ga juna ba. Mai kai saƙo tsakaninsu shi ne Sada, wani ɗan kasuwa a Kura da ke zuwa umara kusan kowace shekara.

A bazarar dubu biyu da biyar ciwo ya kwantar da Kulu. Ƙafafunta suka kumbura, abinci ba ya zama. An kai ta asibiti a birni, suka ba da magani suka ce a koma gida. Mun gane abin da ake nufi. Cikin wannan hali Sada ya zo gaisuwa, ya ce ranar Alhamis zai tashi umarar watan Maulidi. Ya kuma tuna wa Badamasi abin da Raliya ta roƙa tun zuwansa na bara: hoton mahaifiyarta. Ta ce yaranta suna tambayar kamannin kakarsu, ita ma in ta rufe ido fuskar ba ta zuwa mata sosai kamar da.

Ranar Litinin ce. Da yamma na shiga duba ta, tana kwance a kan tabarma a ƙofar ɗaki.

"Bawana, ka zo ganin gawa ne, ko ka zo da goro?"

"Wa ye bawan wa? Na zo in ga ko kin bar mini wasiyyar akuyar nan."

"Akuyar ta fi ka hankali, ita zan bar wa kai."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa na ce mata akwai yaron nan Ibrahimu mai hoton kala a Kura, in kira shi gobe, minti biyu ya gama.

"Wane Ibrahimu? Ƙaton banza ya shigo mini gida ya ƙura mini ido ina wannan hali? In dai za a ɗauka, Malam zai ɗauka. In ba shi ba, a bari."

Badamasi yana zaune a bakin rijiya yana jin mu. Da muka fito zaure ya ɗauko kwalbar ruwan danƙo ya ɗaga ta wajen haske. Abin da ya rage a gindinta bai kai rabin ɗan kofin shayi ba, kuma ya yi ja, alhali da na san shi kamar man gyaɗa. Mai sayar masa a Sabon Gari ya rasu, 'ya'yansa sun mai da shagon na sayar da waya.

"Zubi biyu ne," ya ce. "Ya tsufa kuma. Tsohon danƙo ba ya kama hoto da sauri, sai ta daɗe a zaune."

"A wannan zafin?"

"Jirgin Sada ba zai jira damina ba."

Talata ya kwashe ta yana shiri. An rufe babbar kwata a makon don gyara, ba ruwa mai gudu da za a sanyaya kwalabe, Kura kuma ba wuta balle a samu ƙanƙara. Sai ya jera kwalaben a cikin randa, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ya fito da ruwan saman da ya tara tun damina, domin ruwan rijiyarmu yana ɓata azurfa. Muka yi shawara za a ɗauka Laraba da hantsi, kafin ƙasa ta ɗau zafi.

Na iso tun rana ba ta haura katanga ba. Komai yana tsaye, akwati a tsakar gida, keke a inuwar darbejiya, an jingina turmi da bango an ɗora matashi inda za ta zauna. Amma Kulu ta ce ba za ta fito ba. Zanenta mai kyau, wanda Raliya ta aiko mata, ta ara wa maƙwabciyarsu Hajara ta tafi biki Kadawa, ba ta dawo ba tukuna.

"Ki sa wani mana," na ce daga bakin ƙofa. "Hoton nan baƙi da fari ne, wa zai gane?"

"Ita za ta gane. Ka taɓa aika wa uwarka zane, bawan Allah? To rufe mini baki."

Badamasi ya dubi rana, ya dube ni, ya je ya ƙara wa buhun ruwa. Muka zauna. Inuwar katanga tana ta janyewa. Kaji suka shige ƙarƙashin rumbu suka buɗe baki. Hajara ba ta shigo ba sai da rana ta kusa tsakiya, tana ta ba da haƙuri, motar ce ta lalace musu a hanya. Kafin a yi wa Kulu wanka, a ɗaura mata zanen, a sa mata kwalli, ladan ya kusa kiran azahar. Ƙasar tsakar gidan ba ta takuwa ba takalmi.

Ni da Hajara muka riƙo ta muka zaunar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ɗaga tabarma sama da kanta don rana kada ta dake ta kai tsaye. Badamasi ya zuba danƙo, warin ya cika gidan, ya shiga akwatin duhu. Da ya fito gumi yana zuba daga gemunsa, yana sauri irin wanda ban taɓa gani ya yi ba. Ya zura fallen, ya tsaya a gefen akwatin, ya kama murfin.

"Kulu, dube ni nan. Kada ki motsa sai na ce."

A nan ne abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu ya faru. Shekara arba'in da wani abu suna tare, Kulu ba ta taɓa tsayar da ido a fuskar mijinta a gaban mutane ba. Haka aka tashe ta, haka matan zamaninta suke. Ya cire murfi, ta dube shi kamar na istigfari biyu, sai kanta ya fara sunkuyawa da kansa, har haɓarta ta taɓa ƙirji. Ya ci gaba da jan carbin har ashirin, don ba abin da zai yi. Ya rufe.

Da ya wanke ya kawo mana a faranti, ga zanen ya fito har zaren bakinsa, ga hannuwanta a kan gwiwa, ga ɗaurin ɗankwali. Inda fuska take kuwa sai wani farin gajimare.

Kulu ta leƙa. "Ina nake?"

"Kin sunkuya," in ji shi a hankali.

"To ka tsaya mini a kai kamar alƙali, ga Hajara, ga wannan bawan. Ya zan yi?"

"Saura ɗaya, Kulu."

Numfashinta yana fita da ƙyar. Hajara ta ba ta ruwa, ta jiƙa mata wuya. Na ce to ni in tsaya a gefen akwatin, ni ai ba ta jin kunyata.

Hajara ta ce, "Kai? Tana ganin fuskarka za ta zage ka, bakin ya motsa."

"Ai ko ina cikin likkafani," in ji Kulu.

Badamasi ya hau murza carbi. Can ya ce ga yadda za a yi. Shi zai shige ƙarƙashin baƙin ƙyallen da ke bayan akwatin, ya zauna a can, ba za ta ga fuskarsa ba. Hajara ta riƙe tabarma tana kallon bango. Ni kuma in juya wa Kulu baya, in miƙa hannu in cire murfin in ya ce, in mayar in ya ce.

"Ke kuma ba ni za ki duba ba," ya ce mata. "Dubi cikin gilashin nan. Raliya ce a ciki."

Ya koma wajen keke. Na ga ya karkata kwalbar har ta ƙare, yana juya fallen a hankali don danƙon ya kai kusurwa huɗu. Da ƙyar ya kai. Ya naɗe gidan fallen da jiƙaƙƙen tsumma, ya zo da gudu-gudu, ya zura, ya shige ƙyalle. Muryarsa ta fito daga ciki.

"Cire."

Na cire. Ban ga abin da ke bayana ba. Abin da nake ji kawai shi ne ƙarar 'ya'yan carbi a cikin ƙyallen, da kukan wata kurciya a kan darbejiya. Gumi yana shiga mini ido, ban isa in share ba. Ban taɓa sanin istigfari ashirin yana da tsawo haka ba.

"Mayar."

Ya daɗe a akwatin duhu. Da ya fito ya durƙusa a gabanta da farantin ruwa. Muka taru a kai. Da farko fallen fari ne kamar madara, sai farin ya fara janyewa daga gefe, sai ga Kulu. Gefe ɗaya na sama ya bushe ya yi zane-zane, amma fuskar ba abin da ya taɓa ta. Idanunta a buɗe, tana kallon mutum kai tsaye, bakinta kamar tana shirin faɗin wata magana. Ramar ciwon tana nan, amma ita ce. Ni da na san ta tun muna wasan ƙasa, ban taɓa ganin ta kamar yadda na gan ta a cikin farantin nan ba.

Hajara ta fara hawaye. Kulu ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka na tsufa," ta ce. "To, a kai mata. Ku ɗaga ni, kaina yana juyawa."

Muka mai da ta ɗaki. Kafin mu kwantar da ita idonta ya rufe, jikinta ya saki, sai da Hajara ta yi ta yi mata fifita.

Bayan mun yi azahar muka zauna a zaure, hotunan biyu suna jingine da bango sun bushe. Saura aiki ɗaya. Kowane hoto in ya bushe, Badamasi yakan zuba masa wani man kariya, ƙaron kafintoci da ake jiƙawa a sifirit. Shi ke hana azurfar yin baƙi, shi ke hana ƙarzuwa. Ya ɗauko kwalbar, sai ya tarar zafi ya shanye ta, man ya yi kauri kamar maɗi, ba ya zubuwa. Ita kaɗai ce bai sa a randa ba. Ya kawo sabon sifirit ya ƙara, ya girgiza har ya tsinke.

Ban san komai a aikin ba, amma abin bai kwanta mini ba.

"Badamasi, ka bar shi haka mana. Ya yi kyau. A naɗe a auduga a ba Sada."

"Ba a sallamar hoto tsirara. Shekara biyu zai yi baƙi. Yaro ya sa yatsa sau ɗaya, fuskar ta tafi."

"To gwada a kan na farkon."

Ya ɗaga kwalbar. Man kaɗan ne shi ma. "In na zuba wa wancan, wannan ba zai samu ba. Sammani, hoto nawa na shafe a rayuwata? Raliya za ta riƙe wannan har ta ba jikokinta."

Na bar shi. Aikinsa ne.

Ya ɗora fallen a kan yatsunsa, ya yi bisimilla, ya zuba man a tsakiya, ya fara karkatawa. Ina kallo. Man ya bi ta kan goshinta, sai na ga goshin ya bi man. Idanun suka ja suka yi tsawo, suka gangaro kan kunci. Ya yi sauri ya miƙar da fallen, amma ina. Tsohon danƙon bai iya ɗaukar sabon sifirit ba, ya narke. Fuskar Kulu ta taru a kusurwa ɗaya, ta ɗiga a ƙasan zauren, ɗigo uku ko huɗu masu launin toka. Abin da ya rage a hannunsa baƙin gwangwani ne da ɗan gefen zane.

Bai yi salati da ƙarfi ba, bai jefar ba. Ya zauna riƙe da shi. Can ya ce, "Abel ya taɓa gaya mini. Tsohon danƙo, a sa wa man ɗigon ruwa tukuna. Sau ɗaya ya faɗa. Ban taɓa barin danƙo ya tsufa haka ba."

Ya ɗauko kwalbar danƙon ya kife ta a kan wani falle. Ɗigo biyu suka fito, suka bushe nan take.

Na ce bari in hau keke in je Kura in zo da Ibrahimu, rana ba ta faɗi ba.

"In ce mata me? Ta tashi ta sake ɗaura zane, na ɓata? Ka ga yadda muka kwantar da ita."

"To Raliya fa?"

Ya ajiye kwalbar. Ni kuwa ban sake cewa komai ba, kuma har yau ina tuhumar kaina a kan wannan shirun. Da na matsa, wataƙila da ta yarda. Wataƙila kuma da zaman ya ƙarasa ta a ranar. Allah ne ya sani.

Ya ɗauki hoton farko, mai sunkuyen. Bai shafa masa komai ba. Ya yi masa 'yar ƙaramar akwati da kwali yadda ba abin da zai taɓa fuskarsa, ya ɗaure da zare. Da la'asar sakaliya ya shiga da shi ciki, ina biye. Kulu ta farfaɗo.

"An gama, Malam?"

"An gama. Na rufe shi, kada iska ta shiga."

Ta miƙa hannu ta shafa kwalin. "Ka ce wa Sada ya riƙe a jikinsa, kada ya sa cikin kaya." Sai ta juyo wajena. "Kai kuma bawana, ka ga yadda ake fita a hoto. Kai in an ɗauke ka akwatin fashewa zai yi."

Na ce, "Haka ne, ranki ya daɗe." Ta dube ni, don ban saba barin ta ta ci ba. Na fita.

Sada ya tashi Alhamis. Kulu ta yi kwana goma sha takwas bayan haka. Kusan kullum sai ta lissafa, yanzu ya isa, yanzu ta gani, yanzu yaran sun gani. Badamasi yana zaune kusa da ita yana cewa in sha Allahu. Ta rasu ranar wata Litinin da hantsi, kwana huɗu kafin ruwan farko. Lambar da muke da ita ta wani mai shago ce a unguwar su Raliya, an buga an buga ba ta shiga.

Ranar addu'ar bakwai Sada ya dawo. A Kura ya ji labari, ya zo kai tsaye. Bayan mutane sun watse muka rage mu uku a zaure. Ya yi ta'aziyya, ya ajiye dabino da 'yar jarkar zamzam, sai ya fito da kaset daga aljihu, yana juya shi a hannu.

"Raliya ta ce a sa wa Inna. Ban san ko..."

"Sa," in ji Badamasi.

Na aika gida aka kawo rediyona. Muryar Raliya ta fito, da hayaniyar yara a bayanta. Ta gaida uwarta, ta gaida ubanta, ta gaishe ni, ta ambaci maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce saƙo ya iso, ta gane zanen tun kafin ta gama buɗe kwalin. Sai ta yi dariya, irin dariyar uwarta sak.

"Amma Inna, wannan wace irin kunya ce? Shekara goma sha ɗaya ina jira, kika aiko mini da ɗankwali! Yaran nan sai leƙawa suke ta ƙasan hoton wai ko za su gan ki. Don Allah Baba, a sake ɗauka. Ba sauri, a bari sai an yi ruwa gari ya yi sanyi. Inna, ki ɗago kai kawai, ni ce fa."

Daga nan ta sa yaran suka gaida kakarsu ɗaya bayan ɗaya, da Hausarsu mai gauraye da Larabci. Badamasi ya bari har kaset ɗin ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa.

Sada ya share ido ya ce yana da lambar mijinta yanzu, in an yarda shi zai buga ya sanar da su, ya ɗauke wa Badamasi nauyin.

"A'a. Ni zan gaya mata. Duka biyun, rasuwar da hoton."

Washegari na raka shi Kura wajen masu buga waya a ƙarƙashin lema. Na tsaya nesa kaɗan. Ya daɗe yana magana, ya fi daɗewa yana saurare. Da ya miƙa wayar ya zo, muka kama hanyar gida muna tura kekunanmu, ba wanda ya hau. Mun wuce gonaki da yawa, mutane suna ta shara suna shirin shuka, kafin ya buɗe baki.

"Ta tambaye ni yadda hoton ya fito kafin ya narke. Na fara gaya mata, sai na rasa ta inda zan kama. Ta ce in ba ka wayar wani lokaci, wai kai ka fi ni baki."

Ya yi shekara biyu da 'yan watanni bayan Kulu. Raliya ba ta samu dawowa ba har ya rasu. Ni kuwa ta kira ni sau uku a kan maganar nan, kowane karo na faɗa mata abin da na gani a farantin, idanun, da bakin, da kwallin. Tana saurare har in gama, sai ta ce, "To Kawu, na gode," mu yi sallama. Na san bai isa ba.